Jirgi na Biyu daga Kurrawil

Tashar Kurrawil,
9 ga Fabrairu, 1986.

Zuwa ga mijina Neville,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Yaya aikin lodin jiragen ruwa, yaya Newcastle? Ni lafiyata ƙalau, in ban da zafi da ƙudaje, waɗanda su ma sun gane baƙuwa ce ni, sun bar kowa sun dawo kaina.

Wasiƙarka ta iso. Daga farkonta har ƙarshe tambaya ɗaya ce ka yi ta juyawa: yaushe zan dawo. Nev, da na sani, ai da ban jira ka tambaya ba. Na ce maka mako biyu zan yi, ga shi Kirsimeti ta zo ta wuce ina nan.

Ƙafar Baba ta warke, ba ita ce damuwar ba. Tun da ya faɗo daga tsanin tankin ruwa kansa bai koma daidai ba. Shekaranjiya na tarar ya ɗora butar shayi a wuta ba ruwa a ciki, gindinta har ya yi ja, shi kuwa yana zaune yana jiran ta tafasa. Likitan Denholm ya ce kada a ƙara barin sa shi kaɗai. An ma samo masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi na can, tagarsa tana kallon babban layin dogo, inda zai riƙa ganin jirage na gaske suna wucewa. Da na gaya masa, sai ya dube ni kamar na ce ya je ya yi sata. Ya ce, "Glenys, wa ya sallame ni? Shugaban tasha ba ya barin tasha sai mai karɓarsa ya zo."

Shugaban tasha, ka ji fa! Kai ka ga wurin nan da idonka. Ciyawa ta fasa dandamali, tumakin maƙwabta suna shan inuwa a ɗakin jiran fasinja, taragun alkama sun yi tsatsa a gindin rumbu, fararen aku kuma sun cinye katakon tagogi. Rabon jirgi da tashar nan shekara goma sha biyu. Amma kullum da yamma sai ya sa hularsa ta aiki da falmaran, ya share dandamali tas, ya tsaya yana kallon gabas har ido ya daina ganin layin. A da ranar Alhamis kaɗai yake yin haka, don ita ce ranar jirgi. Yanzu a kansa kullum Alhamis ce.

In na yi faɗa sai ya ce ai ba a rufe layin ba, dakatar da shi aka yi. Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa. Rufe layi sai majalisa ta zauna ta yi doka, kuma ba wanda yake so a ce shi ya kashe garin wani. Sai aka bar shi haka, ba a raye ba, ba a mace ba, aka bar wa Baba gidan tasha ya ci gaba da gadi.

Wajen cin abinci ba shi da hira sai tarihin wurin. Yadda aka kawo layin bayan yaƙin duniya na farko, lokacin da aka raba wa sojojin da suka dawo filaye su noma alkama. Yadda kakana ya yi dakon buhuna a kafaɗa har fatar wajen ta zama kamar ta sirdi. Yadda garin yake da mashaya biyu da gidan burodi da makaranta cike da yara. Jirgin Alhamis shi yake kawo jarida da ƙanƙara da faifan silima da sabon malamin makaranta, ya tafi da ulu da alkama. Daga baya ya fara tafiya da samari, sannan 'yan mata, har da ni. Yau ba wanda ya rage sai mu da Beryl mai kanti, wadda take haɗawa da aikin gidan waya da na gulma.

Ka ƙara haƙuri da ni. Ka kuma riƙa cin abinci na kirki, ba soyayyen kifi da dankali na bakin titi kullum ba, na san halinka.

Ni ce matarka mai kewarka,
Glenys.

Tashar Kurrawil,
13 ga Afrilu, 1986.

Nev nawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. A nan zafi ya yi sauƙi, an fara jan bargo da asuba.

Na karanta batun sabon aikin da aka ba ka a Port Hedland har sai da takardar ta yi laushi. Na yi maka murna, Allah ya sani. Na kuma gane abin da ka rubuta a ƙasa, cewa gida na masu iyali ne, in ban bi ka ba a ƙarshen Yuni ɗakin gwauraye za su sa ka. Ka ce ka gaji da auren wasiƙa. Maganar ta yi mini zafi, amma ban ga laifinka ba, ni ma na gaji da shi. Su kuma mutanen Denholm sun ce ba za su riƙe wa Baba ɗaki ya wuce ƙarshen Mayu ba.

Yayana Barry ya zo daga Dubbo da a-kori-kurarsa, yana cika baki. Ya ce, "Ke kin cika lallashi. Bar ni da shi, kafin shayinki ya huce yana cikin mota." Baba yana jin haka ya shige ofis ya danna sakata. Barry ya yi bugun ƙofa, ya yi roƙo, ya yi zagi. Daga ciki Baba ya ce masa, "Samari, ofis a rufe yake, ka dawo ranar jirgi." Kafin rana ta faɗi Barry ya tuna yana da taro a gida. Ya cinye gasasshen naman ragon da na yi, ya sumbaci goshina, ya ce ni jaruma ce. Da na sami muciya a kusa da na nuna masa jarumtar.

Da Baba ya fito, sandar tana hannunsa. Kai mutumin bakin teku ne, bari in yi maka bayaninta. Daga Denholm zuwa nan layi ɗaya ne tilo, ba wurin kaucewa. Don kada jirage biyu su yi karo, akwai sandar ƙarfe guda ɗaya, tsawonta bai kai hannu ba, an zana sunan tashoshin biyu a jikinta. Direban da ba ta wurinsa ba ya shiga layin, ko da uwarsa ce take kira. In kuma jirage biyu za su tashi daga wuri ɗaya, wani bayan wani, sai a nuna wa direban farko sandar ya gani da idonsa, a ba shi takardar izini ya tafi. Na biyun shi yake tafiya da sandar.

Haka aka yi ranar ƙarshe, a Janairun 1974, shekarar babbar ambaliya. Da safe ƙaramin jirgin fasinja ya tashi da takarda. Jirgin alkama zai bi bayansa da sanda in an gama lodi. Kafin a gama, rafin Wilga ya tafi da gada. Daga baya aka zo da babbar mota aka ɗauke kan jirgin ta hanyar mota, aka bar taragun, ba kuma wanda ya tambayi sanda. Tana wurin Baba har yau, da ita yake tsayawa a dandamali.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Mama tana cikin jirgin farkon nan. Kai a Sydney ka san ta, an ce maka ciwon ƙirji ne ya hana ta zaman ƙura. Ƙirjinta lafiya lau yake. Cewa ta yi za ta je ta ga ƙanwarta ta yi mako guda, da akwatin da ya fi ƙarfin mako guda. Baba da kansa ya yankar mata tikitin zuwa da dawowa, shi ya ɗora mata akwatin. Ba ta dawo ba har ta rasu. Wata rana ya san ta rasu, wata rana kuma sai ya ce in sa faranti uku.

Na daɗe ina jin haushinta. Yanzu ina tsayawa a tagar da take tsayawa, ina wanke farantan da take wankewa, in ɗaga kai in ga fili shimfiɗe har ƙarshen duniya ba ko mutum ɗaya. Jiya na kama kaina ina ƙirga kayan da za su shiga akwatina. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, Nev, na daina ganin laifinta.

Kada ka ba su amsa tukuna. Ka ba ni zuwa ƙarshen Mayu.

Taka,
Glenys.

Tashar Kurrawil,
11 ga Mayu, 1986.

Masoyina Neville,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya. Na ji daɗin hoton gidan da ka aiko, ko da yake rufin kwano ne a tsakiyar jar ƙasa, kamar dai ban bar nan ba. Wasa nake, ina son sa.

Ranar Laraba na bar Baba da Beryl na je Denholm in roƙi matar da take shugabantar gidan tsofaffin ta ƙara mana lokaci. Ta ƙi, cikin ladabi. Ina fitowa wani tsoho a keken guragu ya ƙwala mini kira: "Ke! 'Yar Joyce ce ke, hancin nan na uwarki ya tona miki asiri. Kin zo mini da taba, ko hannu rabbana kika zo?" Ashe Merv Doolan ne, direban da ya ja jirgin farkon nan. Ƙafa ɗaya ta tafi, amma bakin yana nan daram. Ya ce, "Ubanki Clarrie fa? Tsohon jakin nan yana da rai?"

Na zauna na zazzage masa komai, har da kuka, abin kunya. Da na zo kan sanda sai ya kwashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Wane jirgi yake jira? Ai muddin sanda tana Kurrawil ba jirgin da zai taso daga Denholm, ko da an gina gadar zinariya. Shi ya tare hanyar da kansa." Na ce to ai shi ke nan, an kulle. Ya ce, "Wa ya ce? In sanda ta maƙale a gefen da ba jirgi, ɗaukar ta ake yi a kai ta ɗaya gefen, a ƙafa, ko a doki, ko a mota. Shugaban tasha da kansa yake kaiwa, kuma ba a cewa ya bar aiki, don aikin ne ya fitar da shi. Ubanki ya fi wanda ya rubuta dokar sanin ta."

Na ce, to me ya hana shi duk shekarun nan? Sai ya daina dariya. Ya ce, "Yarinya, muddin tana hannunsa, akwai dalilin da ya sa jirgi bai zo ba. In ya kawo ta Denholm, jirgi ya ƙi zuwa, me zai gaya wa kansa?"

Ya kuma ba ni labarin da ban tambaya ba. Ya ce ranar da suka iso gadar, ruwa yana lasar katako, ya rage gudu yana shawarar komawa da baya. Mama tana zaune a bayansa, sai ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Merv, don girman Allah kada ka mayar da ni." Ya ce bai taɓa gaya wa Baba ba, kuma ba zai gaya masa ba.

Na dawo gida zuciyata a cunkushe. Ga hanya ta samu, ba ƙarya a cikinta, ba ja, ba ɗauri, dokarsu ce ta kansu. Amma ka ga abin da zan ƙwace masa. Da yamma na tsaya ina kallon sa ta taga yana goge sandar da hannun riga, na ce ba zan iya ba. Da na kwanta na tuna da kai a ɗakin gwauraye, na ce zan iya. Gaba kura, baya sayaki.

Zan yi, Nev. Ka gaya musu da matarka za ka zo.

Taka har kullum,
Glenys.

Tashar Kurrawil,
25 ga Mayu, 1986.

Nev,

Gaisuwa a gurguje. An yi! Baba yana Denholm.

Ranar Alhamis wajen karin kumallo na ce masa, "Baba, sanda tana gefen da ba daidai ba. Jirgi ba zai iya shigowa ba sai an kai ta." Ya shafa wa burodinsa man shanu har gefe-gefe, ya cinye, ya shanye shayinsa. Can ya ce, "Na ɗauka ba wanda zai lura." Ya tashi ya aske gemu, ya goge takalmi, ya sa hula. Shi ya riga ni shiga mota, sandar a kan cinyarsa. Da muka zo daidai karyayyar gadar sai ya juya kai yana kallon tumakin da suke ɗaya gefen.

A tashar Denholm yaron da yake sayar da tikiti bai san ko mece ce ba, ya ɗauka ƙarfen cire taya ne. Amma na riga na shirya, wata ma'aikaciyar jinya ta turo Merv har dandamali. Yana hango Baba ya ce, "Ka makara, Clarrie!" Baba ya ce, "Ni ban taɓa makara ba, gurgun banza, jirginka ne kullum yake makara." Sai ya gyara tsayuwa, ya miƙa sandar ya ce, "Denholm zuwa Kurrawil, layi a buɗe yake." Merv ya karɓa da hannu biyu.

Daga nan ba gardama ko kaɗan. Ya shiga ɗakin, ya taɓa katifa, ya leƙa taga. Da zan tafi ya cire hularsa ya ɗora mini a ka, ya damƙa mini makullan tasha. Ya ce, "Yanzu jirgi zai iya shiga. Maza ki koma, kada uwarki ta sauka ta tarar ba kowa. Zan bugo in ji." Na ce, "To, Baba," kamar yadda ake ce wa yaro.

Ina tattara kaya, ranar Juma'a zan taso. Ka wanke zanen gado, ka zubar da kwalaben da na san sun taru a bayan ƙofa.

Matarka da take hanya,
Glenys.

Tashar Kurrawil,
15 ga Yuni, 1986.

Mijina abin ƙaunata Neville,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Na san ka je taryata ka dawo kai kaɗai, kuma saƙon da Beryl ta ba ka ta waya bai gamsar da kai ba. Na kasa kiran ka da kaina, don in na ji muryarka ba zan iya faɗar abin da zan faɗa ba.

Tun yammacin da na kai shi wayar ofis ta fara ƙara. Na ɗauka, sai na ji, "Kurrawil? Denholm ke magana. Jirgi ya iso?" Na ce bai iso ba tukuna. Ya ce, "To, a share dandamali." Washegari haka, jibi haka. Ma'aikatan suka ce daga ya ji muryata sai ya koma ya ci abincinsa ya kwanta lafiya. Na ce abu mai sauƙi, na ba Beryl makulli, na koya mata amsar.

Ranar Juma'a na taso kamar yadda na ce. Har na kai Dubbo, ina jiran canjin mota, sai na ji ana kiran sunana a lasifika, wai ana nema na a waya daga Denholm. Baba ya bugo, Beryl ta ɗauka, ta ba shi amsa daidai. Ya ce mata, "Beryl, koma kantinki. Ina mai tasha?" Ya ajiye waya, ya fita ta ƙofar ɗakin wanki da silifas, ya hau tsohon layin ya nufo Kurrawil, don kada a bar tasha ba kowa. Wani manomi mai koro tumaki ya tsince shi gab da faɗuwar rana, ƙafafunsa duk jini, jikinsa ya yi sanyi ƙalau. Da na iso gefen gadonsa bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Na ba ki hula, Glenys."

Shugabar gidan ta ce su ba kurkuku suke gudanarwa ba. In ya ƙara fita, sai dai asibitin nan na masu taɓin hankali da ake kulle ƙofa, inda ake ɗaure tsofaffi a kujera. Barry ya ce a kai shi mana, ai ba zai san bambanci ba. Zai sani. Mutumin da ya gane muryar Beryl a wayar da ba ta fitar da murya sosai zai sani. Merv ya ce a mayar masa da sandarsa ya koma gida, Baba ya ce sanda ba ta komawa sai a hannun direba. Ko da ya yarda ma, wa zai zauna da shi in ba ni ba?

Ka gani, an gudu ba a tsira ba. Na yi wayo na fitar da shi, ashe kaina na shigar. A da mu biyu ne a nan, ina da wanda zan yi wa faɗa. Yanzu ni kaɗai ce da tumaki da waya. Likita ya ce zuciyar Baba kamar ta saurayi take, kuma Allah ya yafe mini abin da na ji a raina da ya faɗi haka. Mama ta sami wanda ya tsallaka da ita gada. Ni na kai bakin tawa gadar, na juyo da ƙafata, ba wanda ya mayar da ni.

Ka tafi, Nev. Kada ka rasa aikin nan saboda ni, shekarunka sun wuce na jiran wani aikin. Ba zan ce ka jira ni ba, ba kuma zan iya cewa kada ka jira ba. Ina son ka, kuma ina jin tsoro. Ka riƙe wannan takarda a matsayin izininka, ka yi gaba, ni zan biyo a baya. Na san abin da ya sami jirgi na biyu a tashar nan, ba sai ka tuna mini ba.

Ka sayi hula mai faɗi, an ce ranar can ba ta da imani. In ka isa ka aiko mini da adireshi, ko na ɗakin gwaurayen ne.

Zan tsaya nan. Yamma ta yi, wayar za ta yi ƙara yanzu, kuma ban share dandamali ba.

Ni ce matarka, a duk inda kake,
Glenys.